Kafaɗar maharbi: Shirin tiyata da doguwar tafiyar komawa ga kwari da baka

Ranar 26 ga Yulin 2021, a filin harbi na Yumenoshima da ke birnin Tokyo, Oh Jin-hyek na Koriya ta Kudu ya ja tsirkiya ya saki kibiyar ƙarshe a wasan ƙarshe na rukunin maza a gasar Olamfik. Tun kibiyar tana sama aka ji ya furta kalma ɗaya da harshensu, wadda ke nufin an gama. Kibiyar ta sauka a tsakiyar allo, maki 10, ƙasarsa ta doke Taiwan da ci 6 da nema ta ɗauki zinare.

Shekararsa 39 a lokacin. Abin da yawancin masu kallo ba su sani ba shi ne halin da kafaɗarsa ta dama take ciki. Kafafen yaɗa labaran Koriya sun ruwaito cewa tun a 2017 likitoci suka gano uku daga cikin jijiyoyi huɗu da ke riƙe da kafaɗar sun yage, har suka ba shi shawarar ya ajiye baka. Mutumin da ya ci zinaren ɗaiɗaikun maza a Landan a 2012 ya ƙi, ya ci gaba da harbi yana dogara da maganin kashe zafi.

A gefensa ranar akwai Kim Je-deok, yaro ɗan shekara 17, wanda shi ma ciwon kafaɗa ya taɓa fitar da shi daga gwajin zaɓen 'yan wasan da za su je Tokyo. Ɗage gasar da shekara ɗaya saboda annobar korona ne ya ba shi damar warkewa ya sake gwadawa.

Labarin mutanen biyu ya nuna cewa ciwon kafaɗa bai bar babba ba, bai bar yaro ba a wannan wasa. Sai dai ba kowane maharbi ne ke iya daurewa kamar Oh ba, kuma likitoci ba sa ba da shawarar a kwaikwaye shi. Da yawa sukan kai matakin da dole a shiga da su ɗakin tiyata, daga nan kuma su fara wani aikin da ke cin wata shida zuwa shekara guda.

Me ya sa kafaɗa ce ke shan wahala?

Kafaɗa ce gaɓar da ta fi kowace juyawa a jikin ɗan Adam, kuma wannan sauƙin juyawar ne rauninta. Kan ƙashin damtse mai zagaye yana zaune ne a wani rami marar zurfi a jikin allon kafaɗa, kamar ƙwai a kan cokali. Ƙugu yana da rami mai zurfi da ke rufe kan ƙashin cinya, ita kuwa kafaɗa tsoka da jijiya ne ke hana ta zamewa.

Tsokoki huɗu ne ke wannan aiki: ɗaya a sama, biyu a baya, ɗaya a gaba. Jijiyoyinsu sun haɗu sun lulluɓe kan ƙashin damtse. Ta saman ce ta fi yawan yagewa, domin tana bi ta wani ƙuntataccen wuri a ƙarƙashin ƙashin saman kafaɗa, kuma jini ba ya isa wani ɓangarenta sosai. Akwai kuma zoben guringuntsi a bakin ramin, wanda ke ƙara masa zurfi. Shi ma yakan tsage, musamman ga wanda kafaɗarsa ta taɓa gocewa.

A gasar Olamfik ana harbi ne daga nisan mita 70, a allo mai faɗin santimita 122, inda da'irar maki 10 ba ta wuce santimita 12.2 ba. Manyan 'yan wasa maza sukan ja nauyin laba 45 zuwa 50, wato kusan kilo 20 zuwa 23, a kan yatsu uku. Wanda ya harba kibiya 300 a rana da baka mai kilo 20 ya ja jimillar kilo 6,000 ke nan, da kafaɗa ɗaya, ta hanya ɗaya. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Kafaɗun biyu aikinsu daban. Ta hannun da ke riƙe baka tana tokare nauyi ne, idan ta ɗaga sama sai ta matse jijiyar da ke ƙarƙashinta. Ta hannun da ke jan tsirkiya kuwa ita ke juyawa da kaya a kanta, ita ce kuma aka fi kai ƙorafinta asibiti. Masu horarwa suna nanata cewa da tsokokin gadon baya ake jan baka. Wanda ya ja da ƙarfin damtse kaɗai, ko ya ɗauki bakan da ya fi ƙarfinsa, ƙananan jijiyoyin nan ne za su biya bashin.

Matsalar tsohuwa ce. Jirgin ruwan yaƙin Sarki Henry na Takwas na Ingila, Mary Rose, ya nutse a kusa da Portsmouth a 1545, aka ciro shi a 1982. An samu dogayen bakuna sama da 130 da kibau fiye da 3,500 a cikinsa, kuma an ƙiyasta cewa wasu bakunan nauyin jansu ya kai laba 150 ko fiye. A ƙasusuwan mutanen jirgin an ga da dama waɗanda ƙashin saman kafaɗarsu bai gama haɗewa ba, abin da masana suka danganta da jan baka mai nauyi tun suna yara. A ƙasar Hausa ma baka ba baƙo ba ne: 'yan baka sun taka babbar rawa a yaƙin Tabkin Kwatto a 1804, kuma har yau akwai sarautar Sarkin Baka a garuruwa, da maharban da ke shiga daji da kwari a rataye.

Ba kowane ciwo ne ke kai mutum tiyata ba

Alamun da suka fi bayyana su ne zafi a gefen damtse idan an ɗaga hannu, zafin dare da ke hana kwanciya a kan wannan ɓangaren, da raunin hannu. Shi maharbi yakan riga kowa ganewa: kibau su fara warwatsuwa a allo, hannu ya riƙa rawa idan ya kai ƙarshen ja, ko ya ji yana gaggawar saki don ya huta.

Likitan ƙashi yakan fara da gwada ƙarfin kowace tsoka da hannu. Hoton ƙashi na nuna ƙashi ne kawai, ba ya nuna jijiya, shi ya sa ake buƙatar sikanin ko hoton MRI kafin a tabbatar da yagewa da girmanta. A Najeriya, asibitocin ƙashi na ƙasa da ke Dala a Kano, da Igbobi a Legas, da na Inugu, da manyan asibitocin koyarwa, su ne wuraren da aka fi samun ƙwararru a wannan fanni.

Ganin yagewa a hoto ba ya nufin sai an yi aiki. Mutane da yawa da suka haura shekara 60 suna da ita ba tare da jin komai ba. Jijiyar da ta ɗan tsage, ko ta lalace sannu a hankali, sau da yawa takan lafa da hutu da atisayen da likitan gashin ƙashi ke tsarawa na wata uku zuwa shida. Wani bincike da aka yi kan marasa lafiya 313 a asibitocin Birtaniya, wanda mujallar The Lancet ta wallafa a 2018, ya gano cewa aikin kankare ƙashin saman kafaɗa ga masu ciwon matsewa bai fi aikin da aka leƙa da kyamara kawai aka rufe amfani ba. Sakamakon ya sa likitoci da dama suka rage gaggawar yin irin wannan aikin.

Akwai kuma inda jinkiri ke da haɗari. Idan jijiya ta tsinke gaba ɗaya bayan faɗuwa ko haɗari, musamman ga mai sauran ƙuruciya, ana so a ɗinke ta da wuri. Jijiyar da ta rabu da ƙashi tana ja da baya kamar robar da ta tsinke, tsokarta kuma ta shanye ta koma kitse, har a kai lokacin da ba za ta jawu ba. Haka nan kafaɗar da ke yawan gocewa, ko wadda aka yi watanni ana gashi ba ta sauya ba.

A nan ne masu zuwa wajen maɗori ke yin asarar lokaci. Ɗori aikin ƙashi ne, ita kuwa jijiyar da ta rabu da mazauninta ba ta komawa da ja ko murza ko ƙaho, wani lokaci ma jan ne ke ƙara yaga ta.

Shiri tun kafin ranar aiki

Abu na farko da ya kamata maharbi ya yi shi ne ya fayyace wa likitansa abin da yake yi da kafaɗar: da wane hannu yake ja, nauyin bakansa nawa, kibiya nawa yake harbawa a mako, kuma gasa yake nufin komawa ko farauta ko nishaɗi. Likitan da ya saba da 'yan ƙwallo ba lallai ya san cewa maharbi yana riƙe nauyi cak na daƙiƙoƙi ba tare da motsi ba. Ya kuma tambayi abin da za a gyara, da tsawon lokacin rataye hannu, da yiwuwar sake yagewa a irin nasa ciwon.

Na biyu, a samu likitan gashi tun kafin aiki. Kafaɗar da ta shiga tiyata a sandare ta fi saurin sandarewa bayanta, don haka makonnin jira lokaci ne na sassauta ta da ƙarfafa tsokokin baya, gwargwadon abin da zafi ya bari.

Na uku, lafiyar jiki. Taba sigari tana rage jinin da ke zuwa wurin ɗinki, kuma masu shanta sun fi fuskantar rashin haɗewar jijiya. Ciwon suga da ba a daidaita ba yana jinkirta warkewa, yana ƙara haɗarin shigar ƙwayoyin cuta da sandarewar kafaɗa. Dole likita ya san duk maganin da mutum yake sha, musamman na tsinka jini, har da na gargajiya. Wanda aka yi wa allurar sitiroyid a kafaɗa kwanan nan shi ma ya faɗa, domin yin ta dab da aiki na iya raunana ɗinkin. Za a kuma gaya masa sa'o'in da zai daina ci da sha kafin a sa shi barci.

Sai shirin gida, wanda mutane suka fi mantawa da shi. Na tsawon makonni mutum zai rayu da hannu ɗaya. Gara ya fara gwada wanka da cin abinci da goge baki da ɗaya hannun tun yanzu. Rigar da ake zurawa ta ka ba za ta sawu ba, sai mai maɓalli a gaba, mai yalwa. Kayan da ke saman kanta a sauko da su. A tanadi filo da yawa, domin yawancin waɗanda aka yi wa aikin sun fi samun barci a kishingiɗe a makonnin farko. A kuma san wanda zai kai shi asibiti ya dawo da shi, tunda ba tuƙi sai an cire maratayi kuma likita ya yarda. Hawa babur ko keke mai ƙafa uku a hanya mai gargada abin gudu ne a wannan lokaci.

Ga Musulmi, alwala da sujada suna buƙatar tunani tun da wuri, domin ba a jiƙa wurin ɗinki a kwanakin farko, kuma ba a dogara nauyin jiki a kan hannun. Addini ya sauƙaƙa wa marar lafiya, don haka tambayar malami da likita kafin ranar ta fi a tsaya cikin ruɗani bayanta.

Abin da ake yi a ɗakin tiyata

Yawancin irin wannan aiki yanzu ta ƙananan ƙofofi ake yin sa, kowace ba ta fi santimita ɗaya ba. Ta ɗaya ake zura siririyar kyamara, ta sauran kuma kayan aiki. Likita yakan share bakin jijiyar da ta yage, ya kankare fuskar ƙashi kaɗan don jini ya fito, ya kafa ƙananan ƙusoshi masu zare a cikin ƙashin, sannan ya jawo jijiyar ya ɗaure ta a mazauninta. Aikin kan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, kuma da yawa sukan koma gida a ranar ko washegari. Babbar yagewa wani lokaci sai an buɗe wurin sosai.

Ban da allurar barci, ana yawan yin wata a gefen wuya da ke kashe hannun baki ɗaya na kusan rabin yini zuwa yini guda. Idan ta saki, zafi kan zo da ƙarfi, galibi cikin dare, shi ya sa ake umartar mutum ya fara shan maganin da aka rubuta masa tun hannun bai farfaɗo ba.

Zazzaɓi, ko jan wuri da kumburi mai ƙaruwa, ko ruwa mai wari daga ɗinki, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, duk alamu ne na komawa asibiti nan take.

Watannin haƙuri

Zare da ƙusa ba su ne warkewa ba. Aikinsu su riƙe jijiya a wuri ɗaya har jiki ya manne ta da ƙashi da kansa, abin da ke ɗaukar kusan mako 12, kuma ƙarfinta yana ci gaba da ƙaruwa watanni bayan haka. Duk tsarin gashi a kan wannan lissafi aka gina shi, ko da yake kowane likita yana daidaita shi da girman yagewar.

A mako huɗu zuwa shida na farko hannu yana cikin maratayi dare da rana. Likitan gashi ne ke motsa kafaɗar, ko ɗaya hannun ya ɗaga ta, ba tare da tsokar da aka ɗinke ta yi aiki ba. Yatsu da wuyan hannu da gwiwar hannu kuwa ana motsa su kullum.

Daga mako na shida zuwa na 12 mutum yana fara ɗaga hannun da kansa, amma babu ɗaukar kaya. A nan ne mutane suka fi yin ɓarna, saboda zafi ya ragu sai su ɗauka sun warke. Bokitin ruwa ɗaya, ko miƙa hannu da sauri a tare abin da zai faɗi, ya isa ya warware aikin.

Bayan mako 12 ake fara ƙarfafawa da igiyar roba da ƙananan nauyi, ana mai da hankali kan tsokokin da ke riƙe allon kafaɗa. Komawa wasa sosai kan zo ne tsakanin wata shida da shekara. Haɗarin sake yagewa ya fi yawa ga masu manyan shekaru da waɗanda yagewarsu ke da faɗi.

Zaman jiran ma ciwo ne ga wanda ya saba da filin harbi kullum. Masu horarwa sukan shawarci ɗan wasa ya ci gaba da zuwa filin, ya yi alƙalanci ko ya koya wa yara, ya kuma ci gaba da atisayen ƙafafu da ciki idan likita ya amince.

Komawa ga baka

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne ɗauko tsohon baka a ranar da likita ya ce an sallame ka. Hanyar da masu horarwa suka saba bi tana farawa ne da kwaikwayon ja da hannu wofi a gaban madubi, sai igiyar roba mai laushi, sai bakan koyo marar nauyi irin na yara. Ana harbi daga mita biyar ko goma a allon da babu da'irar maki, don hankali ya tsaya kan motsin jiki. Kibau kaɗan ake harbawa, a huta kwana ɗaya, a ga yadda kafaɗar ta kwana.

Adadin kibau ake fara ƙarawa kafin nauyi, shi ma nauyin kaɗan-kaɗan, kamar laba biyu a lokaci guda. Gajiyar tsoka da ta wuce kafin gobe ba matsala ba ce. Zafi mai suka a cikin gaɓa, ko wanda ya dawo da dare, yana nufin a koma matakin baya.

Wannan ne kuma lokacin gyara abin da ya haddasa ciwon tun farko. Idan an koma da kafaɗa a ɗage, ko da bakan da ya fi ƙarfin mai shi, ɗinkin ba zai daɗe ba. Wasu sukan zauna a kan nauyi ƙasa da na da har abada. Wasu su koma baka mai ƙafafun juyi a bakinsa biyu, wanda ke sauke mafi yawan nauyi idan an kai ƙarshen ja, ko da yake dole a ratsa ƙololuwar nauyin kafin a kai can. Irin wannan baka zai shiga gasar Olamfik karon farko a Los Angeles a 2028. Akwai masu sauya hannu gaba ɗaya. Jeff Fabry na Amurka, wanda ya rasa hannun dama a haɗarin babur, da haƙora yake jan tsirkiya, kuma da haka ya ci zinare a gasar nakasassu ta Landan a 2012.

Ga mai shirin shiga gasa akwai wani tarko a cikin kwalin magani. Tun 1 ga Janairun 2022 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta haramta duk allurar sitiroyid ta rage kumburi a lokacin gasa, har da wadda ake yi a cikin gaɓa. Daga 1 ga Janairun 2024 kuma ta saka tiramadol a jerin abubuwan da aka hana a lokacin gasa. Magungunan hawan jini masu rage bugun zuciya haramun ne ga masu harbin baka a kowane lokaci, cikin gasa da wajenta. Wanda lafiyarsa ta tilasta masa ɗayansu sai ya nemi takardar izini ta musamman kafin ya tsaya a layin harbi.

Oh Jin-hyek ya sake cin zinaren rukuni a gasar Asiya ta Hangzhou a Oktoban 2023 yana da shekara 42, sannan ya ajiye baka a 2024. Kim Je-deok, wanda ya samu shekara guda ya huta kafaɗarsa ta warke, ya koma Paris a 2024 tare da Kim Woo-jin da Lee Woo-seok, suka sake ɗauko wa Koriya ta Kudu zinaren rukunin maza.